Agogon da Ke Yanke wa Mama Waƙa

Agogon ya iso Jalingo ne a cikin wani ɗan farin kwali, a hannun direban motar Abuja, a farkon daminar da ta biyo bayan faɗuwar Mama. Yayana ne ya aiko shi, ni na je tasha na karɓo. Tun a cikin keke na farke ledar, don ni ba na iya riƙe abu a rufe. Baƙin agogo ne mai madaurin roba, ba lamba a fuskarsa, ba komai. Na ce a raina, to Yaya, matar da ba ta tashi daga gado, wane lokaci kuma za ta duba?

Mama ta faɗi ne a tsakar gida tana shanya kuɓewa. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita, hawan jini ne ya kawo. Hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, baki ya karkace, magana ta ɗauke ɗif. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mana rai, domin Mama ba mace ce mai shiru ba. Tun ina goye ita ce mai ba da waƙa a zumuntar matan majami'armu. Ita ke jefa baiti, mata su amsa, kiɗan tulu da caki yana biye. In ta ɗaga murya a unguwarmu ta Sarkin Dawaki, mai kanti na bakin titi ma ya san yau Alhamis ce, ana koyon waƙa. Sai ga ta kwance, ido kawai ya rage mata, tana bin mutum da shi daga ƙofa zuwa taga.

Mu biyu muka rage mata, ni da yayana. Shi yana aiki a Abuja, ni ina koyarwa a firamare a nan gida, saboda haka wanka da juyi da ciyarwa nawa ne, magani da kiran waya nasa. Ba gori nake masa ba. Yana son Mama irin son da bakinsa ba ya iya faɗa, sai dai ya sayo abu ya aiko.

Da yamma ya kira ya yi mini bayani, dalla-dalla, kamar yana magana da 'yar aji ɗaya. Wai a ɗaura mata a hannun hagu, mai lafiyar. A ƙarƙashin agogon akwai wani ɗan koren haske da ke leƙa jini ta cikin fata, yana ƙirga bugun zuciya, yana jin ɗumin jiki da gumi. Sai ya gaya wa wayar da aka haɗo shi da ita, wayar kuma ta zaɓi abin da za ta sa a sifika. In zuciya a kwance take, ya bar waƙa ta ci gaba. In ta fara gudu, ya rage sauti a hankali ya kawo mai sanyi. Kuma wai yana koyo, duk waƙar da ta tayar mata da zuciya zai riƙa ja da baya da ita har ya daina kawowa. Ya tuna mini abin da likita ya faɗa mana mu biyu a ƙofar ɗakinsa, cewa a kiyaye ta daga duk abin da zai tada mata hankali, don in ciwon ya sake bugawa ba lallai ne ta tashi ba. Wannan maganar ce ta rufe mini baki. Da ba don ita ba, da ya ji ra'ayina a kan agogon da ya fi 'ya sanin uwarta.

Wayar ta zo da nata kayan. Akwai kiɗan fiyano mai tafiya kamar mai ciwon ƙafa, akwai sarewa, akwai ƙarar ruwan sama. Ruwan sama fa, a Jalingo, da damina, a ɗaki mai rufin kwano. Ni kuma na kwashi tsofaffin kaset ɗin Mama, waɗanda aka ɗauka a tarukan zumunta a Sunkani da Lau da nan cikin gari, na kai wa masu tura waƙoƙi a kasuwa suka juye mini, na zuba a ciki. Yaya bai hana ba. Ya ce agogon zai tace da kansa.

Gaskiya a farko abin ya yi amfani, ba zan danne ba. Mama ta riƙa samun barcin rana, wanda da ba ta samu. Ina iya barin ta da matar maƙwabcinmu in tafi makaranta da hankalina a kwance. Abin da kawai ke ba ni haushi shi ne Yaya yana ganin bugun zuciyarta daga can a wayarsa. Sai ya kira ni ya ce Mama ta huta sosai yau, ni da na wanke ta, na shafa mata mai, na canza mata zanen gado. In ce masa to sannu likita, na gode da labari.

Wata Asabar da rana ina zaune a bakin ƙofar ɗakinta ina tsince shinkafa, sai waƙar kwalekwale ta shigo.

Dole in tsaya in faɗi mece ce wannan waƙa. Mama ce ta tsara ta da kanta. Muna da ƙanwa, autarmu, wadda zazzaɓi ya kama lokacin muna ƙauyenmu a tsallaken Binuwai. Ruwa ya cika, Mama ta ɗauke ta ta shiga kwalekwale za ta kai ta asibitin Lau, yarinyar ta cika a tsakiyar kogi. A wannan kwalekwalen ta dawo da ita. A shekarar ta yi waƙar. Mai ba da waƙa takan ce, mai kwalekwale, ruwa ya cika, kayana da nauyi. Mata su amsa, tsaya, yana zuwa. Haka za a yi ta yi, tana kira suna ba ta haƙuri, kiɗa yana ƙara zafi. Can sai tulu ya tsaya cak, caki ya tsaya, ita kaɗai ta ɗaga murya sama ta ce, na sauke a hannunsa, na haye. Sai guɗa ta ɓarke. A majami'armu ana yin ta ranar godiyar kaka, mata na rawa da doya a ka. Ana kuma yin ta a bakin kabari. Ba wanda ya taɓa ganin wani abin mamaki a cikin hakan.

To a ranar nan ga muryar Mama ta shekarun baya tana fitowa daga sifika, ga Mama ta yanzu a kwance. Na ga yatsun hannunta na hagu suna motsi a kan zanen gado, suna bin tulu. Na ajiye tiren shinkafa. Kiɗa ya yi zafi, an kusa wurin da tulu ke tsayawa, sai na ji sautin yana nutsewa a hankali, kamar ana janye rediyo zuwa bayan gida. Kafin in ankara fiyano ya shigo yana ɗingishi. Yatsun suka tsaya. Mama ta juya ido ta kalli sifikar, ta daɗe tana kallo, sannan ta kalle ni. Ban san abin da kallon ke nufi ba.

Daga ranar na fara kasa kunne. Duk sanda waƙar ta zo, a nan yake yanke ta, bai taɓa barin ta ta kai ga hayewa ba. Sannu a hankali ta rage zuwa, har ta daina. Sauran waƙoƙin zumunta ma suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, masu zafin kiɗa da farko, sannan duk wadda muryar Mama ta fito sarai a cikinta. Kafin masara ta nuna, babu abin da ya rage a ɗakin sai fiyano da ruwan ƙarya. Bugun zuciyar Mama ya yi kyau ƙwarai, Yaya har hoton layin yake turo mini, a miƙe kamar an ja da rula. Amma ta daina bin mutum da ido. In na shigo da kunu, silin take kallo.

Na kira Yaya na faɗa masa, kuma ban faɗa da sanyin murya ba. Na ce agogonka ya kori Mama daga ɗakinta. Na ce ba ya bambance murna da tsoro, zuciya ta buga kawai ya gani. Na ce ni na ga matar nan tana rawar waƙar nan har ɗankwalinta ya faɗi ba ta sani ba.

Ya bari na gama tsaf. Sannan ya ce ranar da aka dawo da auta ni ina gidan kaka, shi yana bakin ruwa, shi ya ga fuskar Mama lokacin da ta sauko. Ya ce a da in ta yi waƙar tana da ƙafar da za ta taka, tana da muryar da za ta fitar da abin da ke cikinta. Yanzu fa? Waƙar za ta kai ta tsakiyar kogi ta bar ta a can, ba bakin kira, ba hannun kamawa.

“Za ki iya rantsewa murna ce?” ya tambaye ni.

Da muka gama wayar na koma ɗakinta.

Na gwada tambayar Mama. Na riƙe hannunta na ce in tana son waƙar kwalekwale ta matse ni. Ta matse. Na ce in ba ta so ta matse. Ta matse. Tun da ta kwanta haka take yi, duk abin da aka sa mata a tafi sai ta damƙe, ko cokali ne. Waƙar tana cikin tawa wayar, ba abin da ya hana ni kunna mata har ƙarshe, in ban da maganar likita. Sau da yawa na tsaya a kanta da wayar a hannu, sai in kalli jijiyar wuyanta tana harbawa, in mayar da wayar cikin aljihu. Tsoro nake ji, tsoro sosai. In Yaya ne mai gaskiya, zan azabtar da ita, wataƙila ma in rasa ta. In ni ce mai gaskiya, muna nan muna kashe ta da fiyano.

Ana cikin haka matan zumunta suka aiko cewa za su zo gaisuwa ranar Alhamis. Na tare shugabarsu a hanyar kasuwa. Ita ce mai buga tulu, ƙawar Mama tun suna 'yan mata, tsohuwa gajeriya mai taurin kai wadda mu duka muke kira Iya. Na roƙe ta su yi waƙoƙi masu sanyi kawai, na ba ta labarin likita da agogo. Ta saurare ni tana taunar goro, ta ce to. Da na san irin wannan to ɗin, da ban koma gida da kwanciyar hankali ba.

Suka zo bayan an ɗauke ruwa, da zannuwansu iri ɗaya, takalma cike da jan laka a jere a ƙofa. Ɗakin ya cika, wasu suka tsaya ta taga. Na kashe sautin sifika don kada fiyano ya shiga addu'a, ashe ban kashe da kyau ba. Suka yi masu sanyi guda biyu, aka yi addu'a, na ɗauka an gama. Sai Iya ta jawo tulun tsakanin gwiwoyinta, ta daki bakinsa da soso. Bugu na farko na gane kiɗan.

Akwai wata al'ada a zumuntarmu wadda na sani sarai amma ban kawo ta a raina ba. Waƙa ta mai ita ce muddin tana numfashi. Ba a ɗaukar baitin mace mai rai a ba wata, ko tana kwance, ko ta yi tafiya. Tun faɗuwar Mama ba wadda ta ba da waƙar kwalekwale a majami'a. In aka je gaida mai waƙa kuma, amshi kawai ake yi, a bar mata wurinta.

Haka suka yi. Tulu yana tafiya, caki yana bi, ba wadda ta buɗe baki daidai tsawon baitin Mama. Sannan gaba ɗaya suka ce, tsaya, yana zuwa. Suka sake yin shiru. Suka sake amsawa. Mata cike da ɗaki suna ba da amsa ga kiran da ba wanda ya yi, kuma kowa a wurin yana jin kiran a kunnensa.

Agogon ya fara rawa a hannun Mama, fuskarsa ta yi ja. Sifika ta farka, fiyano ya shigo a kan muryoyin mata. A aljihuna kuma wayata ta fara ƙara, ba sai na duba ba na san Yaya ne, ya ga layinsa ya hau. Na durƙusa a gefen gado. Gumi ya tsattsafo a goshin Mama, ƙirjinta yana hawa yana sauka. Ba silin take kallo ba. Ni take kallo, ido cikin ido, irin kallon da take mini a majami'a in na shiga amshi a makare.

Na ɗago na kalli Iya, bakina na shirin cewa su tsaya. Ba ta fasa bugu ba.

“'Yata, cire masa abin nan,” in ji ta, da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. “Ka bar shi ya haye.”

Na kwance madaurin. Fatar wurin ta yi fari, da shatin roba a zagaye. Da agogon ya rasa jikin da zai ji, sai fiyanon ya mutu. Wayata ta ci gaba da ƙara a aljihu. Kiɗa ya yi zafi, ya ƙara zafi, sannan tulu ya tsaya cak.

Ban san tsawon shirun ba. Na ji ɗigar ruwa daga kwano zuwa bokiti a waje. Ba wadda ta motsa, ba wadda ta cike mata. Bakin Mama ya buɗe ta ɓarin da ke buɗuwa, jijiyoyin wuyanta suka miƙe. Abin da ya fito ba kalma ba ce. Sauti ne guda ɗaya, dogo, a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Amma a daidai muryar waƙar yake, a can sama inda take kai ta, ba ta kauce ba ko kaɗan. Hawaye na zuba ta idanun biyu, har da na ɓarin da ya shanye. Guɗa ta ɓarke, rabin masu guɗar kuka suke yi. Ni dai hannunta nake riƙe da shi, yana damƙe da nawa, kuma ko a lokacin ban san me damƙar ke cewa ba.

Bayan sun tafi na goge mata jiki, na mayar da agogon, na kira Yaya na faɗa masa komai, ban rage ba.

“Ta yi kuka?” ya ce.

“Ta yi.”

“To kin gani.”

“Ta kuma yi waƙa, Yaya.”

Sai ya ce in tabbatar ta sha maganin yamma.

Mama ta rasu kafin a fara cin sabuwar doya. Ba washegari ba ne, an yi makonni. Ciwon ya sake bugawa da safe ina dama mata kunu. Na tambayi likita kai tsaye ko abin da ya faru ranar Alhamis ɗin ne ya jawo, ya ce ba mai iya cewa e, ba mai iya cewa a'a. A makonnin nan ta koma bin ni da ido, wannan na gani. Ta kuma riƙa firgita a barcin rana, abin da ta daina a da, wannan ma na gani. Yaya bai taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa. A bakin kabari wata matashiya ce ta ba da waƙar kwalekwale, tunda yanzu ta halatta a ɗauka. Muryarta da daɗi. Da aka fara, Yaya ya zame ya koma wajen motoci ya tsaya.

Kafin ya koma Abuja ya goge duk abin da agogon ya koya a jikin Mama, ya miƙo mini. Wai ni ma jinina yana hawa, kuma da irin bakina ba abin mamaki ba ne. Na jefa shi a cikin kwabet, ya daɗe a can. Sai da gidan ya yi mini shiru da yawa na ɗauko na ɗaura, don in sami abin ji ina aiki. Kaset ɗin Mama duk suna cikin wayar, sun dawo tunda agogon ya manta da ita.

Wata Asabar ina sharar tsakar gida, wajen da ta faɗi, waƙar ta shigo. Na ci gaba da shara ina bin amshi a hankali. Lafiyata ƙalau, ba na kuka, ba na komai. Kiɗa ya yi zafi. An kusa wurin, sai na ji sautin yana nutsewa, fiyano ya shigo yana ɗingishi.

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Na ɗora ɗaya hannun a ƙirjina, ai kuwa gudu take. Na yi wa kaina tambayar da Yaya ya yi mini, murna ce ko ciwo? Ni da nake da baki, nake da Hausa da yare da Turancin koyarwa, ƙafafuna biyu a ƙasa, na nemi amsa na rasa. Wannan ce tambayar da muka yi wata da watanni muna jiran mace marar magana ta amsa mana da matsin hannu.

Na kira shi a tsaye a wurin.

“Yaya, ya yanke mini.”

“A ina?”

“Inda tulu ke tsayawa.”

Na ji yana rufe wata ƙofa, hayaniyar ofis ta ɗauke. Ya ce in cire agogon in kunna daga farko, kuma kada in kashe kiran.

Na ajiye agogon a kan turmi, koren haskensa yana ta neman fata. Na kunna, na kara wayata a jikin sifika. Muka saurara, shi a can ni a nan, har tulu ya tsaya. Muryar Mama ta tashi ita kaɗai, garau, da ƙuruciyarta, ta sauke kayanta ta haye. Ina jin numfashinsa a waya. Ban tambaye shi abin da ya ji ba.

Shi murya ɗaya ya ji a wurin, tunda ba ya ɗakin ranar Alhamis ɗin. Ni biyu nake ji, har yau, duk sanda aka zo wajen, ko a kaset ko a majami'a a bakin matashiyar nan. Ta biyun tana ƙarƙashin ta farkon, doguwa, a shaƙe, kuma takan ɗan wuce ta kafin ta tsaya.